Me ya sa ƙwararrun injiniyoyi ke zaɓar tsarin manhajar da zai zo ya hana su barci?

Duk mai akawun a Sterling ko Zenith ko GTBank zai iya tuna watannin ƙarshe na 2024, lokacin da bankunan nan suka yi ta turo saƙo cewa za su canza babbar manhajar da suke aiki da ita, a yi haƙuri na ɗan lokaci. Sterling ya koma SeaBaaS, Zenith ya koma Flexcube, GTBank kuma Finacle. Abin da ya biyo baya kowa ya gani, ka tura kuɗi a cire maka amma bai je ba, alat ba ya shigowa, mai POS ya miƙo maka katinka ya ce babu netwok. Tambayar da mutane suka riƙa yi a lokacin ita ce, wai ba su gwada abin ba ne kafin su sake shi, ko ƙwararru ne ba su da su?

Ba shari'ar waɗannan bankuna za a yi a nan ba. Amma tambayar tana da amsa a fagen ginin manhaja gaba ɗaya, kuma amsar sau da yawa ba rashin ƙwarewa ba ne. Akwai wani abu da masu bincike suka daɗe suna nazari a kai, wato yadda tunanin ɗan Adam ke karkata gefe guda lokacin yanke shawara ba tare da shi mai tunanin ya sani ba, da kuma yadda wannan karkata ke shiga cikin harsashin manhaja tun ranar da aka zauna mitin na farko.

Mene ne tsarin ginin manhaja, mene ne karkatar tunani

Manhaja tana da fenti tana da harsashi. Launin maɓalli, rubutun da ke kan allo, inda aka ajiye tambarin kamfani, duk fenti ne, gobe ma a canza. Amma wane irin rumbun bayanai za a yi amfani da shi, manhajar dunƙulalliya ce guda ɗaya ko za a yanka ta ƙanana-ƙanana kowane yanki yana zaman kansa, a saba ta kamfani, wato babbar kwamfutar da manhaja ke zaune a kai, za a ɗora ta ko a yi hayar ta Amazon ko Google ko Microsoft, me zai faru in intanet ta ɗauke ana tsakiyar ciniki, waɗannan su ne harsashi da ginshiƙai. Su ake nufi da tsarin gini. Abin da ya haɗa su shi ne da wuri ake yanke su, lokacin da ba a san komai sosai ba, kuma canza su daga baya tsada gare shi kamar ka ce za ka matsar da ginshiƙin bene bayan an zuba dekin.

Karkatar tunani kuma ba son kai ba ne irin na a ba ɗan'uwa kwangila, ba kuma jahilci ba ne. Wasu gajerun hanyoyi ne da ƙwaƙwalwa ke bi don ta huta, galibi suna kai ta gida lafiya, amma a wasu wurare suna ɓatar da ita ta hanya iri ɗaya kullum, har ana iya hasashen inda kuskuren zai faɗa. Masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Isra'ila, Amos Tversky da Daniel Kahneman, su suka fito da maganar fili a 1974 a mujallar Science, daga baya Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. A ɓangaren manhaja kuwa, wani nazari da ya tattara binciken da aka yi daga 1990 zuwa 2016 ya samu maƙaloli 65 da suka taɓo nau'in karkata 37. Ba sai an bi su duka ba, 'yan kaɗan ne ke yawan ɓarna.

Turke

Wanda ya saba shiga Kantin Kwari ya san wannan ko ba a ba shi suna ba. Mai kaya ya ce dubu arba'in, kai da ka zo da niyyar dubu goma sha biyar sai ka ji kunyar tayawa haka, ka ce ashirin da biyar, ya ce albarka, a ƙarshe a sallama a talatin kana ganin ka yi ciniki. Lambar farko ta zama turke, duk zagayen da ka yi iya tsawon igiya ne.

Tversky da Kahneman sun gwada wannan da wani faifai mai lambobi da ake juyawa, wanda aka shirya ya tsaya ko a 10 ko a 65, sannan a tambayi mutum kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 wajen 45, alhali kowa ya ga da idonsa cewa lambar ba ta da haɗi da tambayar. A 2005 Jorge Aranda da Steve Easterbrook na jami'ar Toronto sun maimaita abin da masu manhaja, aka ba su bayanin aiki iri ɗaya su ƙiyasta tsawon lokacinsa, sai dai a takardar wasu mai aikin ya ɗan ambaci wata 2, a ta wasu wata 20. Waɗanda suka ga 20 ƙiyasinsu ya ninka na waɗanda suka ga 2 fiye da sau biyu.

A tsarin gini turken ba lallai lamba ba ce, shawarar farko da aka furta ce. A ce tim ce ta mutum biyar za ta gina manhajar karɓar kuɗin makaranta. Ana zama, babban injiniya ya ce shi dai yana ganin a yi ta da maikurosabis, wato a yanka ta ƙananan yankuna da ake kira sabis, a ɗora kan Kubernetes, manhajar da ke kula da irin waɗannan yankunan, haka suka yi a inda ya baro. Daga wannan minti tambaya ta canza, ba a ƙara cewa wane tsari ya dace ba, sai dai sabis nawa za a yanka, shida ko takwas. Yarinyar da aka ɗauka wata uku da suka wuce tana da tambaya a ranta, ɗalibai dubu biyu ne fa kuma sau uku a shekara ake biya, amma sai ta ce "Oga, ba matsala, duk yadda ka ce." Ga turke, ga kuma nauyin babba a kai, don an taso da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wanda gaskiya ne a wurare da yawa amma ba ya hana babban ya hango abin da ya dace da tsohon wurin aikinsa.

Bayan turke sai abokin tafiyarsa, wato neman abin da zai gaskata ka. An riga an so tsarin, to duk labarin kamfanin da ya yi nasara da shi za a turo a gurup, wanda ya sha wuya da shi kuma a ce ai su ba su iya ba ne. Hatta gwaji ma sai a tsara shi yadda zai nuna abin yana aiki, ba yadda zai karya shi ba.

Abin da ya faru da TSB

Misalin da aka fi samun bayaninsa a rubuce shi ne na bankin TSB a Birtaniya, saboda an yi bincike an wallafa. TSB ya fita daga Lloyds a 2013 amma ya ci gaba da hayar manhajar Lloyds ɗin, sai bankin Sabadell na Sifen ya saye shi a 2015 ya ce za a gina masa sabuwa mai suna Proteo4UK a kwashe kwastomomi sama da miliyan 5 zuwa can. An fara sa watan Nuwamba 2017, bai yiwu ba, aka koma ƙarshen makon 20 zuwa 22 ga Afrilu 2018. Bayanan sun ƙaura lafiya, amma da aka buɗe sai manhajar ta kasa ɗaukar jama'a, kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga akawun ɗinsu, wasu ma suka buɗe suka ga bayanan akawun na wasu mutane daban. Sai a Disamba abubuwa suka koma daidai. Shugaban bankin Paul Pester ya sauka a Satumba 2018, asarar ta kai fam miliyan 330, a Disamba 2022 kuma hukumomin sa ido suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Rahoton da kamfanin lauyoyi Slaughter and May ya fitar a Nuwamba 2019 ya nuna abubuwa da suka shafi maganarmu kai tsaye. An fara tsayar da ranar gamawa ne sannan aka tsara aikin da baya da baya don ya shiga cikin ranar, maimakon a lissafa aikin a ga ranar da zai kai. An zaɓi a kwashe mafi yawan mutane a tashi ɗaya. Cibiyoyin bayanai biyu aka gina amma gwajin ɗaukar nauyi a guda ɗaya aka yi, aka ɗauka ɗayar ma haka take. Kuma hukumar gudanarwar bankin ba ta matsa da tambaya yadda ya kamata ba. Ranar ta zama turke, kyautata zato ya cike gurbin gwajin da ba a yi ba, kuma babu wanda aikinsa shi ne ya tsaya ya ce in abin ya ƙi fa.

Kyautata zaton nan ba na TSB kaɗai ba ne. Bent Flyvbjerg da Alexander Budzier na jami'ar Oxford sun duba ayyukan kwamfuta 1,471 a wani nazari na 2011, suka ga matsakaicin wuce kasafi kashi 27 ne cikin ɗari, abin da za a iya jurewa, amma ɗaya cikin kowane shida ya wuce kasafinsa da kashi 200. Wato haɗarin ba a matsakaicin yake ba, a 'yan tsirarun da ke wuce gona da iri yake, kuma kowace tim tana ganin ita ba ta cikin ɗaya bisa shidan.

Yayi, da kuma an riga an zuba kuɗi

Netflix ya fara ƙaura zuwa AWS, sabar haya ta Amazon, bayan rumbun bayanansa ya lalace a 2008 har aka yi kwana uku ba a tura wa mutane faifan DVD ba, kuma sai a farkon 2016 ya gama, shekara bakwai kenan. A hanya ya yanka manhajarsa zuwa ƙananan sabis masu yawa, injiniyoyinsa suka yi ta bayani a taruka, sai abin ya zama yayi, kamfani mai injiniya huɗu ma ya ce shi ma haka zai yi. Abin da ba a cika ji ba shi ne labarin waɗanda suka bi suka gaji. Kamfanin Segment ya fito a 2018 ya ce sabis ɗinsa sun haura 140 har injiniyoyi uku kusan ba su da aiki sai raino, don haka ya mayar da su dunƙule guda. A 2023 wata tim a Prime Video, cikin Amazon kansa, ta ce ta haɗe manhajarta ta duba ingancin bidiyo wuri ɗaya kuɗin gudanarwa ya ragu da kashi 90.

Abin lura, da labarin Prime Video ya bazu sai aka sake faɗawa rami iri ɗaya ta ɗaya gefen, mutane suka yi ta yaɗa cewa Amazon ya watsar da maikurosabis, alhali tim ɗaya ce da manhaja ɗaya. Kowa ya ɗauki abin da ya yi daidai da ra'ayinsa na da.

Sai kuma makalewa saboda abin da aka riga aka kashe. Shirin haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar lafiya ta Ingila an fara shi a 2002, sai a 2011 aka sanar da rushe shi, kuɗin da ya ci ya kusa fam biliyan 10. A ƙaramar tim ma haka ne, wata takwas muna kan wannan, yanzu a ce a bari? Amma akasin haka ma tarko ne, wato sabon injiniya ya buɗe tsohon kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, ya ce duk shara ne a rushe a sake. Netscape ya yi haka a 1998, bai fitar da sabon babban burauza ba sai ƙarshen 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Akwai ma na uku, ai ya yi aiki a baya: rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashi ranar 4 ga Yuni 1996 saboda an ɗauko manhajar Ariane 4 an saka mata, wata lamba ta fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar mata domin sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu.

Inda masana suka rabu

Ba kowa ya yarda cewa gajerun hanyoyin tunani cuta ba ne. Gerd Gigerenzer na cibiyar Max Planck a Jamus ya daɗe yana cewa a duniyar da bayanai ba su cika ba, ƙa'ida mai sauƙi takan doke dogon lissafi, kuma da yawa daga abin da ake kira kuskure a ɗakin gwaji hikima ce a rayuwa. Gary Klein, wanda ya yi nazarin yadda shugabannin 'yan kwana-kwana ke yanke shawara cikin daƙiƙoƙi, ya nuna cewa jin jikin ƙwararre ilimi ne da ya taru, ba caca ba. Masu wannan ra'ayi a harkar manhaja suna cewa in ka ɗaure tsohon injiniya da takardu da mitin kan kowace shawara ka kashe abin da ka ɗauke shi dominsa, kuma kamfanin da ke gasa da kai ya riga ka kasuwa.

Kahneman da Klein sun zauna sun rubuta maƙala tare a 2009 don su ga inda suka saɓa, sai suka tarar sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. Sun ce ana iya dogaro da jin jikin ƙwararre in abu biyu sun cika, yanayin aikin yana da tsari mai maimaituwa, kuma mutum yana ganin sakamakon shawararsa da wuri har ya koya. In aka ɗora wannan ma'auni kan manhaja sai a ga abu mai ban sha'awa. Injiniyan da ke farautar matsala a kod yana ganin sakamako cikin minti, ya yi hakan sau dubbai, don haka in ya ce jikinsa na ba shi matsalar daga nan take, a saurare shi. Amma zaɓen tsarin gini sau nawa mutum yake yi a rayuwar aikinsa, kuma sakamakon sai bayan shekara biyu ko uku yake fitowa, lokacin shi ya canza kamfani ko ya tsallake waje, wasu ne ke kwana a ofis suna gyara. Ƙarfin gwiwar iri ɗaya ne a wurare biyun, amma abin da ya ginu a kai ba ɗaya ba ne.

Akwai ɓangare na uku da ke cewa an cika ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi, alhali maganar riba ce. Injiniyan da ya zaɓi sabuwar fasaha don ta shiga takardar neman aikinsa ba ruɗewa ya yi ba, lissafinsa daidai ne, kamfanin ne zai biya. Wani bincike na jami'ar Stuttgart a 2021 da ya tambayi mutum 591 ya samu alamar wannan a ɓangaren masu ɗaukar aiki da masu nema duka. Haka mai sayar da manhaja da ke son kwangila, haka manajan da ya riga ya yi wa hukumar gudanarwa alƙawarin rana. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma tana nufin duk dabarar da za a ambata a ƙasa ba za ta yi aiki ba a inda faɗin gaskiya ke jawo wa mutum baƙin jini.

Sani kaɗai ba ya magani

Abin da aka fi zato shi ne a tara ma'aikata a yi musu lacca kan karkatar tunani shi kenan. Matsalar ita ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma an gwada wannan ma, Emily Pronin da abokan aikinta sun nuna a 2002 cewa mutane na saurin ganin karkata a wasu amma su ce su ba ta kama su sosai ba. Klara Borowa da Andrzej Zalewski da abokansu a jami'ar fasaha ta Waso a Folan sun gwada abin da masu tsara manhaja, gabatar da bayani kawai bai rage karkatar ba, sai da aka koma bita da ake sa mutane su yi aiki da dabarun a kan nasu aikin sannan hujjojin da suke kawowa suka inganta. Don haka yawancin abin da ake ba da shawara yanzu ba gyaran kan mutum ba ne, gyaran yadda ake zama a yanke shawarar ne.

Na farko shi ne a raba shawarwari gida biyu. Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, a wasiƙarsa ta 2015 ga masu hannun jari ya kwatanta su da ƙofa, wata in ka shiga za ka iya fitowa, wata kuma tsalle ɗaya ne cikin rijiya. Mai dawowa a yanke ta da sauri, mutum ɗaya ma ya isa. Mara dawowa, irin su rumbun bayanai da yadda ake ajiye lissafin kuɗi, ita za a zauna a kai. Wannan ya amsa rabin ƙorafin masu cewa takardu na kashe sauri.

Ga waɗanda aka zauna a kai, Michael Nygard ya kawo wata 'yar takarda a 2011 da ake kira ADR, shafi ɗaya ko biyu da ake ajiyewa tare da kod: wane hali ake ciki, me aka yanke, me zai biyo baya mai daɗi da mara daɗi. Tim da yawa suna ƙara zaɓin da aka duba aka bari da dalili. A misalin makarantar nan takardar za ta ce ɗalibai 2,000 ne, cunkoso mako biyun farko na zango ne, injiniya biyar ne kuma babu mai kwana yana gadin saba, an duba dunƙulalliyar manhaja da rumbun bayanai na PostgreSQL an duba maikurosabis, an zaɓi ta farko, za a sake dubawa in makarantu sun kai hamsin. Da zarar an rubuta lambobin nan shawarar Oga sai ta tsaya da ƙafarta ko ta faɗi, ba tare da kowa ya ce masa ya yi kuskure ba.

Sai tsarin magana a mitin. Kowa ya rubuta nasa zaɓin ko ƙiyasin a ɓoye kafin a buɗe baki, a nuna lokaci guda, shi ne dabarar katunan ƙiyasi da James Grenning ya fito da ita a 2002. Ƙarami ya fara magana, babba ya zo ƙarshe. Klein kuma a 2007 ya kawo abin da za a iya kira binciken gawa tun kafin mutuwa, a ce wa tim ku ɗauka shekara ta zagayo aikin nan ya rushe warwas, kowa ya ɗauki minti kaɗan ya rubuta abin da ya kashe shi. Bambancinsa da a ce akwai mai matsala shi ne yanzu wanda ya kawo mummunan labari shi ne ya yi ƙoƙari, yarinyar nan ma za ta iya rubuta cewa kuɗin saba ya fi kuɗin da makarantar ke biya.

Abin da ya fi duka shi ne a daina gardama a gwada. Kwana uku a gina ɗan ƙaramin samfuri na kowane zaɓi a ɗora masa nauyi irin na gaske. A saki sabon abu ga kashi ɗaya cikin ɗari na mutane tukuna. A maye gurbin tsohuwar manhaja yanki-yanki, dabarar da Martin Fowler ya kwatanta a 2004 da irin itacen da ke nannaɗe wani har ya gaje wurinsa. Duk waɗannan suna mayar da ƙofa mara dawowa ta zama mai dawowa.

Su ma dabarun suna da nasu ramin. Ana rubuta ADR bayan an gama gini don a wanke shawarar da aka riga aka yanke, a jera zaɓi biyu na bogi a gefe don a ce an duba. Ana naɗa wani ya yi adawa ta wasan kwaikwayo, kuma binciken Charlan Nemeth ya nuna irin wannan ba ta kai adawar gaske tasiri ba. Yanzu kuma ga tambayar ChatGPT da ire-irensa, wanda in ka ce masa ka ba ni dalilan da suka sa tsarina ya fi, zai ba ka su a jere da kyau, har kamfanin OpenAI ya janye wani sabuntawa a Afrilu 2025 saboda yawan yi wa mutane daɗin baki. Amsar farko da ya bayar ma turke ce kamar ta Oga.

Yadda abin ke isowa ga wanda bai taɓa ganin kod ba

Injiniya yakan gina wa mutumin da ya fi saurin zuwa masa a rai, kuma wannan mutumin kama da shi yake, babbar waya, intanet mai ƙarfi, data ba ta yanke masa. Daga nan ake samun manhajar da ba ta buɗewa sai da sabis cikakke, mai cin wuri a ƙaramar waya, wadda in netwok ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi ba ta san ko ya tafi ko bai tafi ba. Ko za a bar hanyar USSD, ko manhajar za ta iya ajiye aiki ta tura in sabis ya dawo, shawarar harsashi ce, ba a liƙa ta daga baya cikin sauƙi.

Haka zaton cewa gobe kamar yau take. Kamfanin da ya ɗora komai kan sabar haya da ake biya da dala lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023, ya wayi gari a farkon 2024 tana sama da 1,500, kuɗin da yake karɓa kuma naira ne, ƙarshenta ko a ƙara wa kwastoma caji ko a rufe. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Gana da Kodebuwa duk suka ji a jikinsu har da harkar banki. Wanda ya tanadi layi biyu yana ganin ya tsira, bai tambaya ba ko duka biyun ta hanya ɗaya suke bi a cikin ruwa.

Mai kanti ko mai makaranta ko mai kemis da zai ba da aikin manhaja ba sai ya iya kod ba kafin ya taɓa wannan. Zai iya tambayar wanne tsari aka duba aka bari kuma me ya sa, nawa zai riƙa biya duk wata kuma da wane kuɗi, in wanda ya gina ya tafi wa zai iya ci gaba, in yana son kwashe bayanansa ya koma wani wuri ta yaya, sannan ranar da za a sauya daga tsohuwa zuwa sabuwa, in abin ya ƙi da ƙarfe goma na safe layi ya taru, minti nawa za a ɗauka a koma tsohuwar kuma an taɓa gwada komawar ko a takarda kawai take.